Babi na Shida: Kukan Inji da Shaidar Takomita

Da zarar an kwashe masara da dawa, an ɗaure kara, wata ƙara daban ce ke gaje gonakin Daura. Ba Daurar Katsina mai rijiyar Kusugu ake nufi ba. Wannan mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Karaye, yammacin jihar Kano, ƙasar da madatsar ruwan Challawa ta zauna a cikinta tun 1992. Daga nan har cikin Rogo, inda Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, gona ba ta zama fili fetal. Akwai ɗorawa da tsamiya da kaɗanya na gado, akwai mangwaro da darbejiya na dashe. Sai rani ya shigo mai gona yake samun sukunin tunawa da reshen da ya tare wa shuka rana, da tsohon mangwaron da iskar damina ta kwantar, da rufin ɗakin da ke jiran katako. Daga nan sai a aika a kira mai inji.

Yakan zo a kan babur, injin yankan itace ɗaure a baya, jarkar fetur a gefe guda, galan ɗin baƙin mai a ɗaya gefen. In ya ja igiya inji ya tashi, yara sun samu abin kallo, manya sun samu abin sharhi. Injin da ya yi kuka siriri mai tsini shi ake yaba wa: “Kai, wannan da lafiyarsa!” Wanda ya yi gurnani yana ɗan kakari kuwa, sai a ce ya gaji, a kai shi wurin bakanike.

Hukuncin nan a juye yake. Injin yankan itace ya fi daɗin kuka ne daf da zai buga.

Dalilin yana cikin ƙirarsa. Babur ɗin Boxer da injin ban ruwa suna da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansu, mai yana watsuwa yana shafe ƙarafa ba ruwansa da fetur. Injin yankan itace ba shi da wannan gata. Mai bugu biyu ne, dangin tsofaffin baburan Suzuki da Jincheng masu hayaƙi, da ɗan ƙaramin janareta Tiger. Man da zai shafe fistin da boris a cikin fetur ake zuba shi, tare suke bi ta kafireto su shiga ciki. Saboda haka abin da kafireto ya saki aiki uku yake yi a lokaci guda: yana ƙonewa ya ba da ƙarfi, yana shafe ƙarfe, kuma yana kwashe zafi yayin da yake zama tururi. Duk wanda ya rage shi, ukun ya rage gaba ɗaya.

A jikin kafireton akwai 'yan sukurori uku. Mai alamar L shi ke da ikon fetur a ƙaramin gudu da lokacin da aka fara matsa totur. Mai alamar H shi ke da iko in an buɗe wuta duka. Na ukun, wanda kamfanin Stihl ke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T, silo kawai yake ɗagawa ko saukewa, wato gudun inji in ba a matsa totur ba. Magana duk tana kan H. In aka juya shi dama, hanyar fetur ta tsuke, iska ta rinjayi mai, gudu ya hau, kuka ya yi tsini. Juyin da bai kai kwatan zagaye ba yana iya ƙara ɗaruruwan juyi a minti, wani lokaci har dubu. A gudun 13,500 fistin yana hawa da sauka sau 225 a daƙiƙa ɗaya. Da alminiyam ake yin sa, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660, amma ba sai ya kai can ba kafin ɓarna ta auku. Ya isa ya kumbura, ɗan man da ke tsakaninsa da bangon silinda ya ƙone, ya goge jikinsa a ɓangaren salansa inda wuta ta fi ƙarfi, ringi ya maƙale a gurbinsa. Sai inji ya mutu a tsakiyar gungume, a ja igiya a ji ta taho sakwaf, ko kuma ta ƙi motsi sam.

Tsofaffin masu sana'ar, a nan da ko'ina a duniya, da kunne suke gyara wannan, kuma dabarar tasu gaskiya ce. Sukan buɗe wuta duka ba tare da sarƙa ta taɓa itace ba, su saurari wani ɗan ɓarɓar a cikin kukan, alamar cewa fetur ya ɗan yi yawa har inji yana tsallake wasu bugun. Da an danna sarƙa a itace, ɓarɓar ɗin ya kamata ya ɓace, kuka ya miƙe. Da an ɗaga, ya dawo. Injin da ke yin haka yana cikin aminci. To, wannan ɓarɓar ɗin ne 'yan kallo ke kira gajiya.

Matsalar kunne ba ɗaya ba ce. Ta farko, bakaniken ƙauye a Karaye ko Rogo a kan wasu injina daban ya koyi sauraro. Abin da ke zuwa rumfarsa kullum babura ne, da injinan niƙa, da janareta, da injinan ban ruwa na masu noman rani a bakin Challawa. Injin ban ruwa a 3,600 yake tsayawa, janareta a wajen 3,000, kuma duka suna da gwamna da ke hana su wuce gona da iri. Injin da ke ninka wannan gudun sau huɗu baƙo ne ga kunnensa. Ta biyu, tazarar da ke tsakanin lafiya da asara ƙarama ce. Inji mai gudun 12,500 yana bugawa sau 208 a daƙiƙa, mai 13,500 sau 225. In aka jera su mutum zai ji bambanci, amma ya riƙe shi a ka daga wannan mako zuwa wancan, cikin hayaniyar kasuwa, sai wanda Allah ya ba baiwa. Ta uku ita ce mafi ban tausayi: injin da kansa yake cinye kunnen da ake gyara shi da shi. Ƙararsa a kunnen mai riƙe da shi takan wuce desibel 100, alhali ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce 85 na awa takwas, a 100 kuwa kwata na awa ne kawai. Mai injin da ya yi shekara goma ba abin toshe kunne, sirarun sautuka ne suke fara ɓace masa.

Sannan ga aljihu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai injin da ya lura cewa ɗaure H yana sa tanki ya daɗe bai ƙare ba, kuma ya ji kuka ya ƙara daɗi, me zai hana shi? Ribar ta 'yan makonni ce, kuɗin silinda da fistin kuma suna jiransa a gaba.

Abin da zai maye gurbin kunne shi ne takomita, na'urar da ke ƙirga juyin inji a minti ɗaya, abin da haruffan RPM na fuskarta ke nufi. Ba sabuwa ba ce. Tun 1810 Bryan Donkin ya gabatar da irinta a Landan, Bajamushe Dietrich Uhlhorn kuma ya ƙera tasa a 1817, shekaru fiye da ɗari kafin Andreas Stihl ya fito da injin yankan itacensa na farko a 1926. Wadda ake amfani da ita yau ba ta taɓa abin da ke juyawa ba. Wutar fulogi take ji. Duk lokacin da kwayil ya aika wuta, wayar fulogi takan saki wata 'yar girgizar lantarki, na'urar ta ƙirga. Inji mai bugu biyu da silinda ɗaya sau ɗaya yake ba da wuta a kowane juyi, don haka lissafin a sarari yake.

Amma kafin a sayi na'ura, sai an san lambar da ake nema, domin ba lamba ɗaya ce ga kowane inji ba. A nan ne ake yawan zamewa. Babban injin da ya fi suna a dazukan Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, wanda ya fito a 1968, mai cc 106. Sa ne, ba doki ba: ƙarfinsa a ja yake, kuma iyakarsa a wajen 8,000 take. Yana da wani ɗan faifai da iskar fankar inji ke turawa, in gudu ya yi yawa ya ɗan rufe cok, fetur ya ƙaru, gudu ya sauka. Wanda ya cire wannan faifan don yana ganin yana danne masa inji, ya cire mai gadinsa ne. Husqvarna 372XP kuwa, mai cc 71, silonsa 2,700 ne, iyakarsa 13,500. Stihl MS 381 a 12,500 aka tsayar da shi. Ɗan ƙaramin MS 250 yana kaiwa 14,000. Bakaniken da ya saba da kukan ƙaramin inji, ya ce sai ya kai 070 wannan matsayin, ya gama da shi. Wanda kuma ya saba da 070 ya danne 372XP zuwa 9,000, zai bar mai shi da hayaƙi da fulogi mai baƙi da sarƙar da ke tsayawa a itace. Lambar tana cikin littafin da ke zuwa da injin, kuma manyan kamfanonin sun sa littattafansu a intanet kyauta.

Kwaikwayon da ake shigowa da su daga Sin, na 070 da kuma ƙananan nan masu lamba 5200 da 5800, sun fi yawa a hannun talaka saboda sauƙin kuɗi. Takardarsu ba kullum take da abin dogaro ba, ƙarfensu ma bai kai na asali jure zafi ba. Hankali ya ce a tsayar da su ƙasa da inda za a tsayar da na asalin, a bar musu ɓarɓar ɗinsu a fili.

Wace iri za a saya? Mafi arha 'yar ƙaramar akwati ce kamar ta ashana, da doguwar waya da ake naɗawa sau huɗu ko biyar a jikin wayar fulogi. Sau da yawa da sunan agogon ƙirga awannin janareta ake sayar da ita. Kuɗinta bai kai na sabon silinda da fistin ba, kuma tana aiki, in an duba abu uku kafin a biya. Na ɗaya, iyakar ƙirgarta: akwai waɗanda aka yi don janareta da injin kwalekwale, ba sa wuce lamba huɗu, sun tsaya a 9,999. Wadda ba ta kai 16,000 zuwa 20,000 ba, ba ta injin itace ba ce. Na biyu, saurin sauya lamba. Wasu sai bayan daƙiƙa biyu ko fiye suke nuna sabon lissafi, wanda ke nufin a riƙe inji a cikakkiyar wuta ba kaya ana jiran ta, abin da shi kansa yake cutar da inji. A nemi mai sauyawa duk rabin daƙiƙa. Na uku batir ne. Akwai waɗanda aka liƙe da gam, ranar da batir ya mutu na'urar ta mutu. Gara mai marfi da ke ɗaukar ɗan batir irin na agogo.

Ta masu sana'a ba ta buƙatar naɗi. Kusantar da ita kawai ake yi da kan fulogi, ta kama. Irin su Oppama na Japan da jerin EDT na Stihl ke nan. Suna da tsada, amma ga bakaniken da injina biyar ko shida ke ratsa rumfarsa a mako, ba sai ya kwance marfin kowanne ya yi naɗi ba. Akwai kuma wata ta Jamus mai ban sha'awa, Sirometer ta kamfanin Treysit, wadda ba ta da batir ko kaɗan: wata 'yar waya ce ake zarowa a hankali, a ɗora na'urar a jikin inji, inda wayar ta fi kaɗawa a karanta lamba. Ga silo da janareta ba ta da laifi. A cikakkiyar wuta kuwa, da sarƙa tana gudu, murza ta yana son hannu na uku.

Mai hasken leza ba ta nan ba ce. Sai an manna takarda mai ƙyalli a jikin kuloci ko fanka, an cire marfi, an kai hannu kusa da abin da ke juyawa, ga mai da garin katako suna dushe takardar. Manhajojin waya da ke ƙiyasi daga sauti suna iya ba da kusan-kusan, amma sukan rikice su nuna ninki ko rabi.

Ninki da rabi ɗin nan ba a manhaja kaɗai suke ba, kuma su ne tarkon da ya fi kama sabon mai takomita. Na'urar tana da saiti na yawan wutar da inji ke bayarwa a juyi. Na injin itace shi ne wuta ɗaya a juyi ɗaya, wanda akasari ake rubutawa 1P1R. In aka bar ta a saitin wuta biyu a juyi, rabin gaskiya za ta faɗa. Inji yana 13,000, ita tana nuna 6,500, bakanike ya ga da sauran tafiya mai nisa, ya yi ta ɗaure H. A wannan halin, da bai sayi na'urar ba da ya fi masa. Gwajin kuwa yana nan a kowace unguwa. Janareta mai ba da wuta irin ta Najeriya, mai zagaye 50 a daƙiƙa, dole ya yi gudu a wajen 3,000, ko ya ɗan ɗara in ba a ɗora masa kaya ba. A naɗa wayar a fulogin ɗan Tiger. In ta nuna abin da ke kusa da 3,000, saiti ya yi. In ta nuna 1,500 ko 6,000, a gyara kafin a kusanci injin itace.

Aikin kansa ba da sukudireba yake farawa ba, da wanki yake farawa. A cire matatar iska a wanke ta ta bushe, a duba fulogi, a tabbata salansa ba ta toshe da gawayi ba. Sarƙa da ƙarfenta su kasance a ɗaure yadda za a yi aiki da su, domin lambar da kamfani ya bayar da nauyinsu ya auna ta. Injin da aka tayar tsirara zai zarce iyaka cikin ƙiftawar ido. A zuba sabon haɗin mai, tanki ya haura rabi. A tsofaffin kafireto marasa hular roba, akan ɗaure H da L a hankali har su taɓa ƙasa, ba tare da matsawa ba don kada tsinin ya lalace, sannan a kwance kowanne zagaye ɗaya. Mafari ne kawai wannan. A tayar da inji, a yi 'yan yanka har ya ɗauki zafi.

Silo ake fara gyarawa. Ana neman inda inji zai zauna daram, sarƙa ba ta motsi, kuma in an matsa totur ya amsa nan take ba tare da ya yi kamar zai shiɗe ba. In ya yi jinkiri, L yana son a ɗan kwance shi. In sarƙa tana tafiya a silo, a sauke LA, domin sarƙar da ke yawo ba a matsa komai ba ita ce ke cin ƙafar mutum yana tafiya tsakanin rassa. Bayan nan sai H. A kafa inji a ƙasa mai tsabta, ba dutse ba yaro a gaba, mutum ɗaya ya riƙe da hannu biyu, na biyu ya karanta. Ba wasa ba ne wannan: sarƙa tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa, tsohon 070 kuma ba shi da birkin sarƙa. A buɗe wuta daƙiƙa biyu zuwa uku, a karanta, a saki. Daga ɓangaren mai da yawa ake tahowa, ana ɗaure H kaɗan-kaɗan, lamba tana hawa, a tsaya kafin iyaka.

Iyaka kuwa katanga ce, ba wurin zama ba. Ga mai sassabe rassa, ɗari biyu ko uku ƙasa da ita ya wadatar. Mai tsaga katako lamarinsa daban ne. Shi yakan kwantar da gungumen maɗaci ko darbejiya ya bi shi a tsaye daga kai zuwa gindi, mintoci inji yana cikakkiyar wuta ba hutu. Babu aikin da ya kai wannan gasa fistin. Irin wannan injin a bar shi ɗari biyar ko fiye ƙasa da iyaka, ko da mai shi zai yi ƙorafin yana shan mai.

Wasu sababbin injinan suna da kwayil mai yanke wuta in gudu ya kai wani matsayi. Yankewar tana yin sauti kamar ɓarɓar ɗin nan na aminci, ta yaudari kunnen gwani, alhali fetur ya yi ƙaranci. A takomita ana gane ta: lamba takan hau ta tsaya tana rawa a wuri ɗaya, ko an ƙara ɗaure H ba ta gaba. In an ga haka, a kwance H har lamba ta sauko ƙasa da wurin ta natsu, sannan a san inda ake.

Saitin da aka yi yau ba na shekara ba ne, kuma a ƙasar Kano yanayi ba ya wasa. Safiyar hunturu takan sauka zuwa digiri 14, tsakar ranar Afrilu takan kai 40. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi. Tsakanin waɗannan biyun bambancin ya kusa kashi 9 cikin ɗari. Kafireto bai san da haka ba, fetur ɗin da aka ce ya saki shi yake saki. Injin da aka saita daidai iyaka a bazara, in Disamba ta zo zai samu iska fiye da mai, ya zarce. Tudu ma haka. Ƙasar Karaye ta haura mita 500 a kan teku, saboda haka mai injin da ya tafi ci-rani dazukan kudu, inda ƙasa ta yi kwari, zai tarar da iska mai nauyi, injinsa yana son a ɗan kwance masa H. Wanda ya hau Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, akasin haka zai gani.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata makircin, kuma ta wannan hanyar injina da yawa suke zuwa ƙarshe ba tare da kowa ya gane ba. Ƙura da garin busasshen itace su toshe matatar iska, inji ya kasa numfashi, ya fara hayaƙi da nauyin jiki. A kai wa bakanike, shi kuma bai buɗe matata ba, ya ɗaure H har kuka ya washe. Kowa ya yi murna. Bayan kwana biyu yaron mai inji, cikin ƙwazo, ya wanke matata tas. Iska ta dawo cikakkiya, fetur yana nan a tsuke, kafin azahar inji ya buga. Laifin sai ya faɗa kan yaron, ko kan mai fetur, ko a ce kayan Sin ne.

Shi ma fetur ɗin ba kullum yake da gaskiya ba. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai methanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka cika gidajen mai. Irin wannan sinadarin yana sa haɗi ya yi ƙaranci ko ba a taɓa sukuru ba. A ƙauye, inda sau da yawa daga galan ɗin 'yan bumburutu ake saye, mai inji ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa, sai dai ya ga lamba ta hau ba dalili. Haɗin mai ma yana taɓa lissafi. Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 1 na man bugu biyu mai kyau cikin 50 na fetur, wato mililita 100 a lita biyar. Tsofaffin littattafai sukan ce 1 cikin 25 in man ba na musamman ba ne. Wanda ya sauya daga wannan zuwa wancan, ya sake aunawa. Man mota da wasu ke zubawa don arha ba a yi shi don ƙonewa ba, gawayi yake tarawa a bakin salansa da gurbin ringi, kuma babu takomitar da za ta wanke wannan.

Wani zai ce, a lokacin da itatuwa ke ƙarewa, ina amfanin koya wa mutane gyaran abin da ke cinye su? Tambayar tana da nauyi. Ɗorawar da ta shekara hamsin tana ba da kalwa, inji yakan kwantar da ita kafin a sha ruwa. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi ta jihar Kano ta haramta amfani da injin ba bisa izini ba: mai inji sai da lasisi, sare ko sassabe itace sai da takarda, wanda aka kama yana aiki ba lasisi kuma tarar naira 500,000 da ƙwace inji suna jiransa. Amma inji mai hayaƙi bai taɓa ceton itace ko ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ƙara wa mai shi bashi, wanda kuma bashi ya kama shi ne ke karɓar kowane irin aiki, da takarda ko ba takarda.

Game da saitin kuwa, akwai hanyar da ba ta buƙatar sukudireba: manyan kamfanonin sun daɗe da fito da injinan da ke saita kansu, M-Tronic na Stihl da AutoTune na Husqvarna, inda 'yar kwamfuta ke daidaita fetur, babu H babu L. Suna da tsada, kuma in sun yi gardama sai dila mai na'urar bincike, abin da ba a rumfar bakaniken ƙauye yake ba.

Akwai ranar da takomita ke cewa a ajiye sukudireba. In lamba ta ƙi zama, silo yana hawa da kansa, ko ya sauya in an kwantar da inji a gefensa, ko kuma an kwance H zagaye biyu gudu bai sauko ba, to iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Ko sil ɗin karanshaf ya mutu, ko robar da ke tsakanin kafireto da silinda ta tsage, ko tiyon fetur ya bushe ya fashe, ko 'yar fatar cikin kafireto ta ƙandare. Juya sukuru a wannan halin rufe ciwo ne kawai. A kwance salansa, noti biyu ko uku ne, a haska fistin ta ramin. In yana sumul, an yi sa'a, a nemo inda ke yoyo. In akwai zane-zane a tsaye, ɓarna ta fara, kuma sabon fistin ɗin da za a sa zai bi sawun tsohon muddin ba a toshe hanyar iskar ba.

Bayan an sa sabon ma sai an lallaɓa shi. Stihl yana cewa kada a buɗe wa sabon inji wuta duka ba kaya har sai ya sha tanki uku. Littattafan Husqvarna na irin waɗannan injinan kuwa suna barin gudu ɗari shida zuwa bakwai ƙasa da iyaka a awanni goma na farko. Ga 372XP, 12,800 ke nan zuwa 12,900, sannan a dawo da shi rumfa a sake aunawa.